Falle na Ashirin

A ƙarƙashin matakalar benen makarantar akwai wani ɗan ɗaki da dogon mutum ba ya iya miƙewa a ciki. Taga ɗaya gare shi, da tebur mai ɗingishi, da kabad na ƙarfe wanda ƙofarsa ke kuka in an buɗe. Nan ne ofishin Iya Gam. Ita ta sa masa suna ofis, ita ce kuma ta fi kowa dariya in ta faɗa.

Aikinta ɗinkin littafi. Duk littafin da yara suka ji wa ciwo, wanda bangonsa ya rabu da jikinsa, wanda aka yi fifita da shi, wanda aka kashe ƙuda da shi, wurinta ake kawowa. Ta zare tsohon zare, ta jera takardun falle-falle, ta huda da basilla, ta ɗinke, ta shafe gadon bayan da gam, ta danne da bulo biyu sai ya kwana. Gam ɗin da kanta take dama shi da sitaci a kan risho, tana juyawa tana salati har ya yi kauri. Daga nan yara suka samo mata suna, malamai suka kama. Yanzu in wani ya kira ta da sunan yanka sai ta waiga ta ga ko da wa ake.

Sana'ar mijinta ce. Shekara ashirin da ɗoriya yana yi wa makarantar ɗinki, ita tana riƙe masa zare. Da Allah ya karɓi abinsa, ya bar littattafai goma sha bakwai a buɗe ba a gama ba. Da ta fita daga takaba sai ta zauna ta gama su, ta ɗaure a tsumma ta kai makaranta. Hedimasta ya juya ɗaya, ya ja bangon da ƙarfi, ya ga bai motsa ba.

"Iya, wa ya yi wannan?"

"Wadda ta rage," in ji ta.

Ranar aka ba ta makullin ɗakin.

Abu uku ta gada wurin marigayi: basilla, tukunyar gam, da tabarau. Tabaran nan, tsakani da Allah, ba su taɓa nuna mata komai ba. In ta sa su, duniya sai ta koma kamar ana leƙen ta ta ƙasan kofin da ba a wanke ba. Amma ta lura mai aikin littafi in ba shi da tabarau ba a ganin girmansa, kuma ƙarfen da ke bayan kunne ya riga ya lanƙwashe daidai kan mijinta, ita kuwa ba ta son a miƙe shi. Karatunta na shekara biyu ne a ajin manya. Rubutun da ke kan allon shago tana iya harhaɗa shi in ba a tsaya mata a kai ba. Ƙananan baƙaƙe kuwa, da 'yan lambobin nan na ƙasan shafi, ita dai tururuwa take gani a jere. Hakan bai taɓa damunta ba, don marigayi ya sha gaya mata cewa mai ɗinki ba ruwansa da abin da aka rubuta, falle yake ƙirgawa. Sai ta lashi yatsa ta ƙirga, kuma ba a taɓa dawo mata da littafi an ce falle ya ɓata ko ya juye ba.

A gida su biyu ne, ita da jikarta. 'Yar Kunne ake ce wa yarinyar, don tun tana rarrafe take maƙale da uwarta kamar ɗan kunne. Uwar ita ce 'yar Iya tilo. Shekara uku ke nan da aka kai ta babban asibiti a wani gari, ba ta dawo ba. Yarinyar na da shekara biyar a lokacin. Aka tura ta gidan ƙanwar ubanta har mutane suka watse, sannan aka dawo da ita. Uban direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. Ya ce, "Iya, na bar miki, yadda kika ga ya dace."

Da yarinyar ta shigo ta leƙa ɗaki ta leƙa bayan ƙofa, ta ce, "Kaka, ina Mama?" sai Iya ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Abin da ya fita shi ne, "Ta yi tafiya."

Iya mace ce mai tsoron ƙarya kamar wuta. Saboda haka ta zauna ta auna maganar ta ko'ina, ta ga ba ƙarya a ciki. Ai tafiya ce. Akwai ma tafiyar da ta fi wannan? In yarinyar ta ce, "Da nisa?" ta ce, "Da nisa ƙwarai." Gaskiya ce. In ta ce, "Za mu gan ta?" ta ce, "In Allah ya yarda za mu gan ta." Nan ma ba malamin da zai kama ta. Haka ta shekara uku tana ɗinka magana yadda take ɗinka littafi, ba zare ko ɗaya a waje, tana kuma jin kanta gwana. Ta bi maƙwabta gida-gida ta roƙe su su kama bakinsu. Ta tare mai kantin bakin layi, ta tare malamar aji ɗaya, da ta aji biyu. Can sai yarinyar ta daina tambaya. Iya ta yi hamdala, ta ce ƙuruciya ta yi aikinta, an manta.

Ana cikin haka aka kira taron iyaye, saura mako guda a yi dogon hutu.

Iya ba ta magana a taro. Takan zauna a bencin baya kusa da ƙofa, ta amsa amin in an yi addu'a, ta fita. Ranar kuwa shugabar kwamitin iyaye, wadda kowa ke kira Uwar Kwamiti, ta zo da littattafai huɗu a jaka, kowanne an cusa masa guntayen takarda a wuraren da ta yi alama. Mace ce mai kantin magani, mai murya kamar an sa mata lasifika, kuma ba za a ce ba ta son yara ba, don ko yaron wani ta gani da majina sai ta tsaya ta share.

Ta ɗaga na farko. "Wannan akwai fatalwa. Ɗana kwana uku ba ya zuwa banɗaki sai an raka shi."

Aka ce a cire.

Ta ɗaga na biyu. "Wannan yaro ne ke mayar wa ubansa da magana, kuma har littafin ya ƙare ba abin da ya same shi."

Wani tsoho mai gyaran agogo ya ce daga gefe, "To ai nawa ma ba abin da ya same shi, ga shi can yana barci a gida." Aka yi dariya, aka ce a cire.

Na uku zanen cikin jikin mutum ne, an nuna har inda bai kamata ba. Wannan ko muhawara ba a yi ba.

Na huɗu wani ɗan siriri ne mai koren bango, wanda 'yan aji uku ke karantawa. Uwar Kwamiti ta sassauta murya. "Wannan kuma uwar yarinya ce ke mutuwa. A gaban idon yarinyar. Har da yadda aka rufe ta da mayafi, har da yadda aka fita da ita. Don Allah yaro ɗan shekara takwas me zai yi da wannan?"

Malamar aji uku, wata 'yar siririya da ba ta daɗe da fara aiki ba, ta miƙe ta ce littafin yana da kyau in an bi shi har ƙarshe. Ba wanda ya saurare ta. Hedimasta ya ce shi matsalarsa ɗaya: daga cikin wannan littafin ake fitar da tambayoyin jarrabawa, ba shi da ikon cire shi.

Iya tana bencin baya, kunnenta na ƙara. Aji uku. Bayan hutu 'Yar Kunne aji uku za ta shiga. Ginin shekara uku, wani ɗan littafi da bai kai kaurin tafin hannu ba zai rushe mata shi. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Har yau in tana ba da labarin takan ce ƙafafunta ne suka tashi ba su yi shawara da ita ba.

"A manne wurin," ta ce.

Kowa ya juyo.

"A bar littafin, a manne wurin da gam. Ni zan yi. Nawa in ya kama ba ya saki."

Sai tafi ya ɓarke. Uwar Kwamiti ta ce, "Kun ji hikimar manya! Mu muna ta surutu, ga mai basira a baya ta yi shiru." Iya ta gyara tabarau. Ta ji wani abu mai daɗi yana hawa mata kai, irin wanda ba ta taɓa ji ba tun ranar da aka ba ta makulli. Daga baya ta gane sunansa girman kai, ta nemi gafara, amma a ranar kam ta sha shi har ƙasan kofi.

Hedimasta ya leƙo ofis ranar da za a tashi hutu, ya sunkuyar da kai saboda rufin. Littattafai ukun da aka cire ya sa ta kulle su a kabad. Sannan ya nuna tulin masu koren bango, guda arba'in.

"Daga na ashirin zuwa na ashirin da biyar, Iya. Kin riƙe, ko in rubuta miki?"

"Haba, Hedimasta. Ni za a rubuta wa ashirin?"

Mako biyu ta yi a kansu. Ta dama gam mai kyau, wanda bai yi ruwa ba bai yi gudaji ba. Ta ɗauki littafi, ta lashi yatsa, ta ƙirga falle ɗaya, biyu, uku, har ashirin. Daga nan ta shafa, ta haɗa, ta shafa, ta haɗa, har na ashirin da biyar. Akwai zane-zane a ciki da za su iya gaya mata wani abu, amma da gangan take kau da kai tana kallon taga in ta iso wurin. Ba ta son ganin matar da aka rufe da mayafi. Ta ga tata, ta ishe ta. Ta danne su da bulo, suka bushe suka yi ƙyam kamar katako. Ta gwada da farce, ta gwada da bakin basilla, ko alamar buɗewa babu. Ta ce a ranta, da marigayi na nan da ya yaba.

Aka koma makaranta. Mako na farko lafiya, na biyu lafiya. Ranar Larabar mako na uku, da hantsi, tana ɗinkin wani littafin lissafi, sai ta ji wani irin sauti daga bene, kamar an taka 'yan kyanwa da yawa a lokaci guda. Ta ajiye basilla. Aji uku ne ke saman kanta daidai.

Abin da ya faru shi ne, malamar ta ba su karatun shiru ta fita karɓo alli. Ta saki jiki, don ta san an manne wurin. Yara suka bi labarin yarinyar da uwarta ke ɗinka mata riga, saura hannu ɗaya a gama, uwar ta kwanta ciwo. Suka juya shafi na ashirin, ya buɗe salin-alin. Ga mayafi, ga masu ɗauka, ga yarinya a bakin ƙofa riƙe da riga mai hannu ɗaya. Wata ta fara shessheƙa, na kusa da ita ya kama, kafin malama ta dawo aji ya rikice. Masu ƙarfin hali suka yi ta juyawa gaba don su ga ko abin zai yi sauƙi. Yarinyar littafi na kuka, ta ƙi abinci, ta ƙi magana. Suka iso shafi na arba'in, sai suka ci karo da katako.

Kafin a tashi tara, labari ya gama makaranta. Aka ce in har an bar mutuwa a buɗe aka manne wani wuri, to abin da ke wurin ya fi mutuwa muni. Wasu suka ce uwar ce ta dawo da dare. Wasu suka ce yarinyar ma ta bi ta. Littafin da a da sai an yi da gaske ake buɗe shi, ranar har 'yan aji shida suna layi a ara musu. Iya ta leƙa ta taga ta ga yara cike da fili, kowa ya ɗaga koren littafi sama yana hasko shi da rana, ko rubutun zai fito ta baya.

Washegari da safe aka kira ta ofishin Hedimasta, ofis na gaske mai fanka. Uwar Kwamiti na zaune, jaka a cinya, fuska ba annuri. Malamar aji uku na tsaye jikin bango.

"Iya," in ji Hedimasta a hankali, "ina kika manne?"

"Inda ka ce. Na ashirin zuwa na ashirin da biyar."

"Nuna mana."

Ta karɓi littafin, ta gyara tabarau, ta lashi yatsa. Ta ƙirga a fili, da ƙarfi, don a ji ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tana cewa "ashirin" yatsanta ya sauka kan katakon daidai. Ta ɗago kai tana jiran a ba ta haƙuri.

Hedimasta ya dafe goshi. "Iya, shafi na ce, ba falle ba. Kowane falle fuska biyu gare shi."

"Ai na sani, kamar mutane," ta ce, don bakinta ya riga hankalinta. Sannan hankalin ya iso. Ta rufe littafin, ta ajiye a kan tebur.

Uwar Kwamiti ta ce, "Wato mutuwar kika bar musu. To me kika rufe?"

Malamar ce ta amsa, tana kallon ƙasa, kafaɗunta na rawa. Iya ta ɗauka kuka take, ashe dariya take dannewa. "Wurin da aka rarrashi yarinyar. Duk wurin da hankalinta ya kwanta, shi ne a manne."

"Inna lillahi! Ke da wannan tabarau naki kamar gindin kwalba, ba ki ga lamba ba?"

Iya ta cire tabaran ta riƙe a hannu. Sai ga fuskar Uwar Kwamiti ta fito tar, har da ɗan tabon da ke gefen hancinta wanda Iya ba ta taɓa sanin akwai shi ba. "Ban taɓa ganin lamba da su ba, 'yar nan," ta ce. "Na mai gidana ne."

Aka yanke cewa ranar Litinin za a tattaro littattafan ta manne wurin da ya kamata. Hedimasta ya ce in aka yi haka kusan rabin littafin ya zama katako, a me za a yi jarrabawa? Uwar Kwamiti ta ce wannan matsalarsa ce. Iya ba ta ji sauran ba. Abu ɗaya ke mata yawo a kai: jiya 'Yar Kunne na cikin ajin nan. Ta dawo gida, ta ci abinci, ta wanke kwano, ba ta ce uffan ba. Ita kuma Iya, don tsoro, ba ta tambaya ba.

Ranar ba ta iya ɗinka ko falle ɗaya ba. Ta yi ta shirya magana a ranta tana warwarewa. Za ta ce labarin littafi daban, na mutane daban. Za ta ce ba duk uwar da ta kwanta ciwo ba ce ke... nan kuma sai zaren ya tsinke. Ta nemi wata gaskiyar da za ta lanƙwasa ta rufe wurin, ta rasa.

Bayan la'asar ta idar da salla, ta yi addu'o'inta, ta naɗe darduma. Da ta juyo sai ta ga yarinyar a bakin gado tana tura wani abu ƙarƙashin katifa da sauri.

"Ke, me kike ɓoyewa?"

"Ba komai."

"Ba komai mai koren bango?"

Yarinyar ta zauna a kan wurin, ta baza siket. "Kaka, wannan ba na manya ba ne."

"Iye? Ni da na ɗinka shi?"

"Ɗinkawa kika yi, ba ki karanta ba. Kar ki karanta. Akwai abin da bai kamata ki ji ba a ciki, zai tayar miki da hankali."

Iya ta zauna a kan kujerar roba. "Mene ne a ciki da ni ba zan iya ji ba, uwata?"

'Yar Kunne ta dube ta irin kallon da ma'aikaciyar asibiti ke yi wa mara lafiya kafin allura. "Maman yarinyar ce ta rasu," ta ce a hankali. "Kamar Mama. Na ce in kika ji za ki tuna."

Fankar maƙwabta na juyawa ta bayan bango. Wani mai sayar da ruwa ya wuce yana buga jarka. Iya ta ji duk wannan sarai.

"Wa... wa ya gaya miki?"

"Ke."

"Ni? Yaushe?"

"Kullum. Sau biyar." Yarinyar ta nuna dardumar. "In kin idar sai ki ce, Allah ka jiƙan 'yata, ka haskaka kabarinta. Baba in ya tafi cewa kike Allah ya dawo da shi lafiya. Ba ki taɓa cewa Allah ya jiƙansa ba. Kuma wanda ya yi tafiya ba shi da kabari."

"Ai a zuciya nake yi!"

"Kaka, har tsakar gida ana ji. Kunnenki ne ya yi nauyi."

Iya ta tuna gidajen da ta bi, da mai kanti, da malamai biyu, da tsayuwarta a taro, da littafi arba'in, da mako biyu na hutu. Ta toshe kowace kafa a unguwa, ashe ita ce ke shela daga kan darduma.

"To me ya hana ki faɗa mini kin sani?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin siket. "Na ga in kina kan darduma kin sani. In kin tashi kuma sai ki manta, ki ce ta yi tafiya. Na ce tsufa ne. Ban so in tuna miki ba."

Dariya ce ta fara zuwa, ta ƙwace wa Iya ba shiri, har tabarau suka zame suka faɗi a cinya. Tana cikin dariyar abin ya juye. Ta miƙa hannu, yarinyar ta taho ta maƙale mata a wuya yadda take yi wa uwarta, suka yi kukan da ya shekara uku yana jiran a ba shi izini. A cikin gashin yarinyar Iya ta faɗi kalmar, ba a kan darduma ba, a zaune a kujerar roba. "Ta rasu, 'Yar Kunne. Mamanki ta rasu. Ranar wata Asabar, da rana tsaka, ina riƙe da hannunta. Sunanki ta kira."

"Wanne? Na gaske ko 'Yar Kunne?"

"'Yar Kunne."

Yarinyar ta gyaɗa kai kamar dama abin da take son ji ke nan. Can ta share fuska da mayafin kakarta, ta zaro littafin daga ƙarƙashin katifa, ta buɗe wurin katakon.

"Kaka, ke kika rufe, kin san abin da ke ciki. Yarinyar nan ta daina kuka? Ko haka ake zama har a girma?"

Iya ta dubi aikin hannunta, santsi, ba ƙura ba kumfa. Ta ce gam ɗinta ba ya saki, ta faɗa a gaban jama'a an yi mata tafi. Amma wanda ya dama abu ya san makasarsa.

"Ɗauko butar shayi," ta ce.

Suka ɗora ruwa a risho har ya tafasa. Iya ta kara gefen katakon a bakin butar, tururi na dukansa, tana bi da bayan wuƙa a hankali, tana ja tana tsayawa. Falle na farko ya saki bayan an sha fama. Ya yi lanƙwasa kamar ganyen da rana ta buga, wasu baƙaƙen sun bi ɗaya fuskar sun manne a can. Yarinyar ta karanta a fili, inda rubutun ya goge sai su cike da ka. Suna buɗewa tana karantawa, Iya na cewa, "Tsaya, kar ki ja, ke ba ki da haƙuri, irin uwarki sak."

A ciki, gwaggon yarinyar littafi ce ta zo ta zauna da ita, ba ta hana ta kuka ba. Ta ba ta allura ta ce ta gama hannun rigar da kanta. Yarinyar ta ɗinka, ya fito a karkace, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta sa ta fita, ubanta ya gani ya ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta duba hannun ta yi dariya, ta farko tun ranar.

"Ta yi dariya," in ji 'Yar Kunne. Ta sake karanta layin. "Amma ba ta manta ba, ko?"

"Ba a mantawa. Ko da tsufa."

"To ai shi ke nan."

Ranar Litinin Iya ta tafi makaranta ba tukunyar gam, da butar shayi a hannu. Ta ce wa Hedimasta ita dai ta manne na ƙarshe, in buɗewa ake so ga ta. Hedimasta ya dubi butar ya dubi rufi, ya ce shi bai ga komai ba tukuna. Ta buɗe goma sha ɗaya kafin Uwar Kwamiti ta samu labari. Aka sake taro, aka yi ta ja, wasu iyayen suka ce tunda yara sun riga sun ga mutuwar a bar su su ga sauran, wasu suka ce a'a. Iya tana bencin baya, ta danne gwiwoyinta da hannu biyu kar su sake tashi. Daga ƙarshe aka kwashe littafin gaba ɗaya aka ce a kulle a kabad har a ji daga sama. Har yanzu ba a ji ba. Makullin kabad ɗin kuwa yana ɗaure a bakin mayafinta, kuma ta lura malamar aji uku ta cika son zuwa aron basilla.

Ta je an auna mata ido, an ba ta tabarau nata. Na marigayi suna cikin tukunyar gam ta dā, a naɗe a tsumma. Abu na farko da ta gani da sababbin shi ne ofishinta ya fi yadda take zato datti.

Da magaribar ranar da ita da jikarta suka buɗe littafin a gida, ta idar da salla ta ɗaga hannu, ta rage murya iya ƙoƙarinta. Ta roƙa wa mijinta, ta roƙa wa 'yarta. Sai ta ji daga bayanta an ce, "Amin."

Ta shafa, ba ta juya ba.

"Kaka."

"Na'am."

"Har yanzu ana ji a tsakar gida."